Yadda za ka samu sanyi daga AC ɗin motarka idan iska ta cika da danshi

Da zarar damina ta kankama, ko tafiya ta kai mutum gari na bakin teku, kuka ɗaya za ka riƙa ji daga masu mota: AC ya daina sanyi. Jiya lafiya lau yake, yau an mure shi har ƙarshe amma riga na manne da gadon baya. Abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne gas ya ƙare, sai a garzaya a ƙara. Sau da yawa gas ɗin na nan daram, iskar da ake ba na'urar ce ta sauya. Ina jin takaicin ganin lafiyayyar na'ura an yi mata ɗurin gas ba gaira ba dalili, shi ya sa nake so ka fara gane abin da danshi ke yi mata kafin ka taɓa komai.

Ka zuba ruwa mai ƙanƙara a kofin gilashi, ka ajiye minti biyu. Za ka ga raɓa ta feso a jikinsa, tana gangarowa. Ruwan da ke ɓoye cikin iska ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ɗigo. Abin da ke faruwa ke nan a bayan dashbod ɗinka. Akwai wani ƙaramin ƙarfe mai kama da lagireto, ana ce masa ebaforeta, wanda gas ke sanyaya shi, fanka kuma na hura iska ta cikinsa. Idan iskar busasshiya ce, aikinsa ɗaya ne: ya sauke zafinta. Idan tana da danshi, sai ya fara tatse ruwan da ke cikinta, kuma wannan tatsar tana cin ƙarfi fiye da yadda ake zato.

Ga lissafin. A zafin digiri 35, idan laima ta kai kashi 70 cikin 100, kowane kilo na iska na ɗauke da ruwa kusan giram 25. Iskar da aka sanyaya zuwa digiri 10 ba ta iya riƙe fiye da giram 8, don haka giram 17 dole su zuba. Kowane giram ɗaya da ya koma ruwa yana cinye ƙarfin da zai isa a sauke zafin kilon iska da digiri 2 da rabi. Ka haɗa, za ka ga tatsar ruwan kaɗai ta fi sauke zafin nauyi. A rana mai zafi iri ɗaya amma laima kashi 20, ruwan da ke cikin iskar giram 7 ne kacal, babu abin tatsa. Aikin ranar danshi ya kusa ninka na busasshiyar rana sau uku, alhali kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin yana zagayawa cikin na'urar, ɗaya ce, girmanta bai ƙaru ba. Ga kuma jikinka: zufa ba ta bushewa a iska mai laima, sai ka ji zafi ya fi abin da ma'auni ya nuna.

Wannan ba baƙon aiki ba ne ga na'urar. Asali ma saboda danshi aka ƙirƙiro ta. A 1902 Willis Carrier ya haɗa ta farko don wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, inda laima ke kumbura takarda har launuka su ƙi hawa kan juna daidai. Sanyin da muke nema a yau daga baya ya zama abin talla, kuma sai a 1939 kamfanin Packard ya fara sa ta a mota.

Mataki na farko: kori zafin da ya taru

Motar da ta wuni a rana cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Ka sauke gilasai, ka kunna fanka da ƙarfi, ka ja motar minti ɗaya ko biyu, sannan ka rufe. Kada ka tsaya wuri ɗaya kana jiran sanyi. Kwamfuresa ta fi aiki idan inji na juyawa da kyau kuma iska na bugun gaban mota.

Na biyu: maɓallin juya iskar ciki

A nan maganin yake, kuma shi aka fi mantawa. Nemi maɓallin da ke da hoton mota da kibiya mai lanƙwasa a cikinta. Idan ka danna shi, ƙofar da ke shigo da iskar waje za ta rufe, na'urar ta koma sarrafa iskar da ke cikin mota. Zagaye na farko ta tatse ruwa, na biyu ta tarar da saura kaɗan, na uku kusan babu. Daga nan duk ƙarfinta ya koma kan sanyaya. Idan kuwa ka bar ƙofar waje a buɗe, kamar mai kwalfar rijiya ne da marmaro ke ɓuɓɓuga a ƙasanta: kowace daƙiƙa sabuwar iska mai giram 25 na ruwa a kowane kilo na shigowa. A motoci da dama, maɓallin da aka rubuta MAX a kansa wannan aikin yake yi da kansa.

Amma kada ka kulle kanka awa da awanni. Numfashin mutane na tara iskar da ke kawo kasala da gyangyaɗi, wanda direba ba ya wasa da shi, musamman idan mota cike take. A doguwar tafiya ka riƙa buɗe iskar waje na ɗan mintuna lokaci zuwa lokaci, sannan ka mayar.

Idan ciki ya fara daɗi, rage fanka zuwa tsakiya. Iskar da ke wucewa a hankali ta fi daɗewa a jikin ƙarfen, sai ta fito da sanyi da bushewa sosai. Ka kuma fitar da jiƙaƙƙiyar lema ko tabarmar ƙafa da ta sha ruwa. Duk ruwan da ke jikinsu na'urar ce za ta tatse shi.

Na uku: duba inda ruwan ke fita

Duk ruwan da aka tatse yana taruwa a wani ɗan faranti ƙarƙashin ebaforeta, ya bi gajeren tiyo na roba ya ɗiga ƙasa, galibi ta ɓangaren fasinjan gaba, daidai inda ɗakin inji ya haɗu da cikin mota. Ka bar AC ya yi aiki minti 10 zuwa 15 a rana mai danshi, ka durƙusa ka leƙa. Ya kamata ka ga ɗigo, har da ɗan tabki a ƙasa. Taɓa shi da yatsa: ruwa ne garau, ba launi, ba wari, ba santsi. Wannan alamar lafiya ce. Ruwan lagireto shi ke da launi, kore ko ja ko makamancin haka, da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma shi ne abin damuwa.

Idan ƙasa a bushe take ƙaƙas alhali AC na aiki, sa hannu ka danna kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar fasinja. Ka ji ya jiƙe? Ko kana jin motsin ruwa a bayan dashbod idan ka sha kwana? To tiyon ya toshe da ƙura, ganye ko laka. Nemi bakinsa ta ƙasa, ka matsa shi da yatsu, ko ka zura siririyar igiyar roba mai ɗan tauri a hankali. Kada ka sa waya ta ƙarfe ka tura da ƙarfi, don ebaforeta na nan kusa, kuma huda shi na nufin a kwance dashbod gaba ɗaya. Ka kauce daga saitin tiyon, domin idan ya buɗe ruwan da zai zubo na iya cika kwano. In sai an ɗaga motar, kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai.

Na huɗu: hanyoyin iska biyu

Filtar iskar ciki yawanci tana bayan aljihun dashbod. Ƙura da danshi idan suka haɗu sai su zama kamar siminti a jikinta, fanka na ihu amma iska ba ta fitowa. Ciro ta ka ɗaga ta ga haske. In ba ka ga haske ta cikinta ba, sauya. Littafin motarka ya faɗi tsawon lokacin, yawanci shekara guda ne ko kilomita 15,000 zuwa 20,000.

Sai kwandensa, wadda ke gaban lagireto. Ita ke zubar da duk zafin da aka kwaso daga ciki, kuma a ranar danshi kayan da take zubarwa sun fi yawa. Wanke laka da ƙwarin da suka maƙale mata da ruwa mara ƙarfi, bayan inji ya huce. Ka tabbatar fankarta na juyawa idan AC na kunne. Sanyi ya zo a kan babbar hanya amma ya gudu a cunkoso? Fara zargin wannan fankar.

Na biyar: gilashi ya yi hazo

Kafin ka yi komai, shafa shi da yatsa ka gane ta wane gefe hazon yake, domin maganin ya bambanta. Idan ta ciki ne, kamar yadda ake gani lokacin da ake tafka ruwa, bar AC a kunne, juya iska zuwa gilashin gaba, ka kashe maɓallin juya iskar ciki. Kana iya ƙara ɗan ɗumi. Na'urar za ta busar da iskar, hita ta ɗumama ta, hazon ya ɗauke cikin daƙiƙoƙi. Idan ta waje ne, kai ne ka sanyaya gilashin har ya zama kofin nan namu. Sa waifa, kawar da iska daga gilashi, ka ɗan rage sanyin. Farin tururin da wani lokaci ke fitowa daga ramukan iska shi ma haɗuwar iska mai sanyi ce da mai laima. Muddin ba ƙauri ba wari, ba komai.

Warin funfuna da ke tarbar ka da safe kuwa daga jiƙaƙƙen ebaforeta yake, wanda ya kwana cikin duhu da ɗumi. Saura minti 3 zuwa 5 ka isa, kashe maɓallin AC, bar fanka na hurawa da iskar waje. Za ka ɗan ji ɗumi, amma ƙarfen zai rage jiƙa kafin ka kashe mota.

Na shida: auna kafin ka je wurin mai gyara

Samo ƙaramin ma'aunin zafi ka soka a ramin iska na tsakiya. Ajiye mota a inuwa, rufe gilasai, danna juya iskar ciki, fanka a tsakiya, riƙe inji wajen juyi 1,500 a minti, ka jira minti 10. Lafiyayyar na'ura kan ba da tsakanin digiri 4 zuwa 10. A rana mai tsananin zafi da laima za ta fi kusa da na saman, ko ta ɗan haura, kuma za ta ɗauki lokaci kafin ta kai. In ta tsaya a 18 ko 20 bayan ka bi duk matakan baya, akwai matsala ta gaske.

Wata alama da danshi ke tona wa asiri: ka yi tafiyar rabin awa ko fiye, iska ta riƙa raguwa har ta kusa ɗaukewa duk da fanka na ƙara, ka kashe AC na ɗan lokaci, ruwa ya kwararo ƙasa, komai ya dawo daidai. Ƙanƙara ce ta lulluɓe ebaforeta. Sanadin kan zama na'urar da ke auna sanyinsa ta lalace, ko filta ta toshe, ko gas ya ragu. A busasshen yanayi babu ruwan da zai daskare, shi ya sa ba ka lura ba sai yanzu.

Idan ta kai ga mai gyara, ka riƙe abubuwa kaɗan. Gas ba ya ƙarewa kamar mai. In ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo, a nemo wurin. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ta faɗi irin gas ɗin da nauyinsa da giram: R134a a yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990, R1234yf a sababbi da yawa. Ba a gauraya su, kuma da sikeli ake zuba shi, ba da kintace ba. Gas da ya wuce kima na ɗaga matsi, ya rage sanyi, ya wahalar da kwamfuresa.

Danshin da ya fi haɗari shi ne wanda ya shiga cikin bututun kansu. Man kwamfuresa na zuƙar laima daga iska da sauri, ruwan kuma na iya daskarewa a ƙaramar ƙofar da gas ke bi, ko ya haddasa tsatsa ta ciki. Don haka idan aka kwance bututu, ka sa ido a toshe bakinsa nan take, kada a bar shi hangame ana ruwa a waje. A sauya draya, wato ɗan gwangwanin da ke tsotse danshi, sannan a ja iskar ciki da injin zuƙa na aƙalla minti 30 kafin a zuba sabon gas.