Yadda Ake Gyara Kodi Idan Bidiyo Na Sarƙewa Ko Sikirin Ya Yi Baƙi

Ka haɗa laftop da talabijin ɗin falo, ka buɗe Kodi, manhajar nan ta kunna fina-finai, ka danna fim, murya na tafiya amma hoto ya tsaya cak, ko sikirin ya yi baƙi ƙirin, ko ya koma kore shar, ko kuma hoton na tafiya yana tsalle-tsalle fankar kwamfuta na ta kuka. Toh kafin ka ɗauke ta ka kai shago a ce sai an yi mata fomatin, tsaya tukuna. Yawancin lokaci matsalar ba ta wuce abu uku: direban hoto (manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfuta), saitin Kodi ɗin kansa, ko kuma fayil ɗin ne ya fi ƙarfin injin. Aikin duka shi ne ka gano wanne ne a ciki, kuma dan Allah ka riƙa canza abu ɗaya-ɗaya kana gwadawa, don in ka taɓa saiti biyar lokaci guda ko ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo ka rasa ta inda za ka fara.

Fara da cire intanet daga lissafi. Ka samu bidiyon da ke cikin kwamfutar ko a filash, ka kunna shi. In ya tafi sumul, amma wanda kake jawowa daga intanet ne yake tsayawa yana juya ɗan da'irar nan, toh netwok ne, babu ruwan direba, ka tafi ka ji da sabis ɗinka. In kuwa na cikin kwamfutar ma yana yi, sai mu ci gaba.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba, kuma a ganina shi ya fi komai amfani. Lokacin da bidiyo ke tafiya, danna harafin O a kibod. Wani ɗan allo zai fito a ƙasa yana nuna maka bayanin abin da ke gudana: sunan kodek (tsarin da aka matse bidiyon da shi), girman hoto, adadin firam (hotunan da ke wucewa) a daƙiƙa, da yadda furosesa ke wahala. Kalli layin farko na bidiyo. A ƙarshensa za ka ga ko HW ko SW. HW na nufin katin hoto ne ke warware bidiyon, shi ne yadda ake so. SW na nufin an jibga wa furosesa aikin shi kaɗai, kuma in ka duba gefe za ka tarar ya haye kashi 90 ko 100, shi ya sa fanka ke ihu hoto na sarƙewa. Ka rubuta sunan kodek ɗin ma, h264 ne ko hevc ko av1, za mu buƙace shi an jima.

Yanzu direba. A Windows, danna dama a kan Start ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, shikenan ka kama ɓarawon, babu direban hoto kwata-kwata a kwamfutar, na wucin gadi ne Windows ke lallaɓawa da shi. Wannan ya zama ruwan dare a laftop ɗin gwanjo, saboda ana zuba musu Windows ne a gurguje, da zarar sikirin ya kawo an miƙa wa mai saye, kuma rubutu da Facebook duk za su yi aiki lafiya lau har sai ranar da ka nemi kallon fim mai nauyi. Kodi a Windows da DirectX 11 yake aiki, in direba babu ko ya tsufa da yawa wani sa'in ma ƙin buɗewa zai yi gaba ɗaya. In kana son ganin ranar direbanka, danna Windows da R tare, rubuta dxdiag, ka shiga shafin Display.

Ina za ka samo direban? Wajen masu shi. In Intel ne, shafin Intel, suna da wata manhaja Intel Driver & Support Assistant da ke duba injin ta gaya maka wanda ya dace. In Nvidia ne ko AMD, shafinsu. In laftop tsohuwa ce irin su HP EliteBook 8470p ko Dell Latitude E6430, gara ka fara duba shafin HP ko Dell da lambar modal ɗinka, saboda wani lokaci na Intel kai tsaye yakan ƙi hawa ya ce sai na kamfanin da ya ƙera. Manhajojin nan na "sabunta duk direbobinka da dannawa ɗaya" kuwa, ni dai ba na ba kowa shawarar su, talla ce fal a cikinsu kuma sukan ɗora maka abin da ba naka ba. Sannan ka tanadi data, direban Nvidia ko AMD yakan kai ɗaruruwan megabait, in kana da na dare ka bari sai dare. Kuma ka tabbata batir na da caji kafin ka fara, kar NEPA su ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa.

Akwai kuma akasin haka, wato jiya komai lafiya, Windows ta yi sabuntawa da daddare, yau Kodi ya lalace. Nan ba sabon direba kake nema ba, tsohon za ka dawo da shi. A Device Manager ɗin, danna katin hoton sau biyu, shiga Driver, danna Roll Back Driver. In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, sauke wanda ya gabata daga shafin kamfanin. Idan kuma an yi ta ɗora direba kan direba har abin ya cakuɗe, akwai Display Driver Uninstaller da ake kira DDU, kyauta ne, ana kunna shi a Safe Mode, wato yanayin gyara na Windows, ya share duk direban hoton tas, sannan ka girka sabo a kan tsafta. Amma ka sauke sabon ka ajiye kafin ka share tsohon. Wani ɗan sirri kuma: in sikirin ya daskare, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare, zai yi ɗan ƙara ya ƙifta, direban ne ya sake tashi ba tare da ka kashe kwamfuta ba.

Toh an gama da direba, a koma cikin Kodi. Shiga Settings, Player, Videos. A ƙasa gefen hagu akwai ɗan maɓalli da aka rubuta Basic ko Standard, yi ta danna shi har ya koma Expert, in ba haka ba rabin saitin a ɓoye yake. Sauka zuwa Processing. A Windows za ka ga Allow hardware acceleration DXVA2, saitin da ke ba katin hoto damar warware bidiyo, a Linux VAAPI ne ko VDPAU, a akwatin Android kuma MediaCodec guda biyu, ɗaya da Surface ɗaya babu. In dazu ka ga SW kuma wannan a kashe yake, kunna shi. In kuwa a kunne yake amma hoto na yin kore ko yana farfashewa murabba'i-murabba'i, kashe shi ka gwada. Hoton ya gyaru? Kenan direban ne ke da aibi wajen warware wannan kodek ɗin, sai ka koma ka nemi wani bugun nasa. A Android ka gwada kashe mai Surface ɗin kaɗai ka bar ɗayan, sau da yawa nan take baƙin sikirin ke tafiya. Render method kuma ka bar shi a Auto detect, sai in hoto ya ƙi fitowa sam ka gwada Pixel shaders.

Sai mu zo wurin da ya fi ciwo, wanda babu direban da zai yi maganinsa. Kowane katin hoto akwai kodek ɗin da aka gina masa a jiki, abin da ba a gina ba kuwa babu shi. Intel HD 4000, wanda ke cikin Core i5 ƙarni na 3 na 2012, ya iya H.264 sarai amma bai san HEVC ba, wato abin da kake gani an rubuta x265 ko H.265 a sunan fayil. Ƙarni na 6 na 2015 ne ya zo da cikakken HEVC mai bit 8, mai bit 10 kuma sai ƙarni na 7. AV1 sai ƙarni na 11, ko Nvidia RTX 30 zuwa sama. Kuma mu nan mun fi son x265 ɗin saboda fayil ɗinsa ƙarami ne, data kaɗan yake ci, wajen masu turi ma ana samun sa. Kaga kenan mutum zai ɗauko fim 1080p x265 10bit ya ɗora wa laftop ɗin da ta haura shekara goma, kamar ka ɗora wa jaki kayan tirela ne, sannan ya zauna yana zagin Kodi. Mafita biyu ce. Ko ka nemi fayil ɗin x264, ko 720p wanda furosesa zai iya ja da kansa, ko kuma ka sa HandBrake ya juya maka shi zuwa H.264, kyauta ne, zaɓi Fast 1080p30 ka bar shi ya kwana yana yi. Zai ɗau lokaci kam a tsohon inji. Ka lura kuma akwai H.264 mai bit 10 da ake yawan samu a katun ɗin Japan, shi kusan babu katin da ke warware shi, SW za ka gani ko da injinka sabo ne, ba laifin kowa ba ne.

Wani nau'in matsalar daban: HW ya nuna, furosesa na hutawa, amma duk sanda kyamara ta juya a hankali sai ka ga hoton na ɗan fizga. Wannan rashin jituwa ne tsakanin fim da talabijin. Fina-finan silima firam 24 suke a daƙiƙa, shirye-shiryen talabijin na Najeriya da Turai 25 ko 50, ita kuwa kwamfuta tana turo 60, kuma 24 ba ta shiga 60 daidai. A Player, Videos ɗin dai, sa Adjust display refresh rate a kan On start/stop. Sannan ka je System, Display, Whitelist, ka yi wa duk yanayin 1920x1080 da talabijin ɗinka ta iya alama, 23.98, 24, 50, 60. Talabijin za ta ɗan yi duhu na daƙiƙa ɗaya biyu a farkon fim, kar ka tsorata, canza gudu take. Sync playback to display kuwa ka bar shi a kashe in kana tura sauti kai tsaye zuwa amfilifaya, don yana hana hakan aiki.

Tunda an zo kan sauti, in hoto na tafiya amma shiru, je System, Audio, ka tabbata Audio output device na kan HDMI ɗin talabijin, sannan ka kashe Allow passthrough, talabijin da yawa ba su iya tsarin sauti na DTS ba. In da wayar VGA ka haɗa, ita ba ta ɗaukar sauti tun asali. HDMI 1.4 kuma 4K a 30 kawai yake kaiwa, sai 2.0 ke ba da 60.

Launi ma yana da nasa. Hoto ya koɗe ya yi fari-fari, duba sunan fayil, in akwai HDR (tsarin hoto mai ƙarin haske da launi) a ciki kuma talabijin ɗinka ba ta HDR ba ce, nemi fayil na yau da kullum. In fuskokin mutane sun koma shunayya da kore, Dolby Vision ne, wani nau'in HDR, injinka bai iya shi ba. In baƙi ya zama toka-toka a kowane fim, gwada Use limited colour range a System, Display.

Masu laftop mai kati biyu, Intel da Nvidia, ku shiga saitin Windows, System, Display, Graphics, ku ƙara Kodi ku zaɓa masa katin da kuke so, ku gwada duka biyun, ba kullum babban ne ya fi ba. Kuma a jona caja, a kan batir Windows na rage wa inji gudu. Zafi ma haka, laftop a kan katifa a watan Afrilu ƙura ta toshe fanka, da kanta za ta ja burki bayan minti kaɗan, fim ya fara lafiya ya ƙare da sarƙewa. A ɗaga ta a kan tebur, a hure ƙurar.

Masu Linux, ku girka vainfo ku kunna shi a tamina, zai jero duk kodek ɗin da katin ya iya. In ya ba da kuskure, a Ubuntu tsofaffin Intel i965-va-driver suke so, sababbi intel-media-va-driver, AMD kuma mesa-va-drivers.

In duk ka taɓa saiti har Kodi ya daina buɗewa, ko yana buɗewa baƙi, fara danna maɓallin \ ya fita daga cikakken sikirin. Bai yi ba? Rufe shi, danna Windows da R, rubuta %APPDATA%\Kodi\userdata, nemo guisettings.xml ka canza masa suna, kar ka goge. Kodi zai ƙirƙiri sabo da saitin asali, jerin fina-finanka na nan ba abin da zai same su. In har yanzu da saura, kunna Enable debug logging a System, Logging, sake kunna fim ɗin har matsalar ta faru, sannan ka ɗauko kodi.log a cikin %APPDATA%\Kodi ka nemi layukan da ke da error a kusa da lokacin. Shi za ka tura wa duk wanda zai taimaka maka, haɗe da sunan katin hotonka, bugun Kodi ɗin, 20 Nexus ne ko 21 Omega, da abin da harafin O ya nuna maka.