Turaren da bai iso Sakkwato ba: kurakuran ɗauko kayan ruwa a jirgi

Gwaggona ta dawo Umara da akwati biyu shaƙe da tsaraba, amma labarin da take ba duk wanda ya zo yi mata barka da zuwa a Mabera shi ne na kwalbar turare guda da ba ta iso gida ba. A kantin cikin filin jirgi ta saye ta, irin wanda ake rubuta wa Duty Free, wato "ba haraji", a goshi, aka sa mata a leda mai jan baki aka liƙe. Jirgi na ɗagawa, matar da ke kusa da ita ta ce a nuna mata, Gwaggo ta yage leda, suka fesa a bayan hannu suka yaba. Da suka sauka canjin jirgi, ma'aikacin bincike ya ɗaga kwalbar, ya ga mililita 200, ya ga leda a yage, ya jefa ta kwando.

"Da kuɗina na saye shi, ɗan nan, kuma cikin filin jirginsu! Mi niy yi musu?"

Na ce, "Gwaggo, ledar da kunka yage ita ta takardar shedar turaren."

Har yau ba ta yarda ba. Ni kuwa na lura yawancin asarar da mutanenmu ke yi a wannan harka daga wuri guda take tasowa: ana haɗa ma'aikata iri biyu a ɗauke su ɗaya. Akwai masu binciken tsaro, waɗanda ke tsaye bakin na'ura kafin a shiga jirgi. Su ba ruwansu da nawa ka saya ko ka biya haraji. Girman kwalba suke kallo. Akwai kuma kwastan, waɗanda ke jiranka bayan ka ɗauki akwati a ƙasar da ka sauka. Su ba ruwansu da girman kwalba. Yawan kaya da darajarsu da halaccin shigo da su suke tambaya. Kwalba na iya tsallake waɗancan ta maƙale a hannun waɗannan.

Dokar masu tsaron ta samo asali ne a watan Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da sinadaran ruwa a kwalaben lemo. Tun daga nan aka ce duk abin ruwa da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma dukkansu su shiga leda guda garai-garai mai cin lita 1. Mazubi na ce, ba abin da ke ciki ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Mutum ya riƙo kwalbar mililita 250 wadda saura ɗan kaɗan a gindinta, ya tsaya yana rantsuwa cewa bai kai cokali biyu ba. Gaskiya ya faɗa, amma lambar da ke jikin kwalba za a karanta. A juye a ƙaramar kwalba tun daga gida, ko a tura ta akwatin da za a auna.

Sai kuma ma'anar "ruwa". A wajensu zuma ruwa ce. Man shanu ruwa ne ko da ya daskare a sanyin jirgi. Man zaitun, man habbatussauda, humra, kwaɓaɓɓen lalle, man shafawa, man goge baki, duk sahu ɗaya. Abin da za a iya tsiyayawa ko shafawa ko fesawa, a ɗauke shi ruwa a huta. Dabino da turaren wuta na itace da garin lalle ba sa ciki. Masu sayen turaren mai a tola su ne suka more, don tola guda wajen mililita 12 ce, sai ka jera da yawa a ledar nan ba wanda zai ce maka kanzil. Magani da madarar jariri an yi musu sassauci, sai dai a fito da su a nuna tun kafin a tambaya, kuma in da takardar likita ya fi. Gorar ruwan sha a shanye ta, a wuce da ita wayam, a cika a ciki.

Wani zai ce ai ya ji an soke dokar. An sassauta ta a wasu filaye da suka sa sababbin na'urori, kamar Edinbara da Bamingam a Birtaniya, inda a 2025 aka yarda da mazubi har lita 2. Wannan na filin da ka tashi ne kawai. Filin da za ka yada zango yana kan tasa dokar, kuma shi ne zai yanke hukunci a kan kwalbarka.

Mu koma kan ledar Gwaggo, don nan maganar take. Kantin filin jirgi yana bayan na'urar bincike, shi ya sa yake iya sayar maka da kwalba babba ka shiga jirgi da ita. In tafiyarka miƙe take, daga nan sai gida, ba wata damuwa. Matsala na zuwa ne in akwai wata na'ura a gaba. Don haka aka ƙirƙiro leda ta musamman wadda hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tsara: garai-garai, da jan layi a gefe, in an liƙe ba ta buɗuwa sai ta nuna alama, kuma rasit yana ciki yadda za a karanta kwanan wata da sunan filin ba tare da an buɗe ba. Ita ke gaya wa ma'aikacin zango na gaba cewa tun daga kanti ba hannun da ya taɓa kwalbar. Kurakurai uku ake yi da ita. Ana yage ta a jirgi. Ana karɓar rasit a cusa a aljihu maimakon a bari a ciki. Ana kuma karɓar ledar kanti ta yau da kullum, mai hannu, a zaci ita ce. Tun kafin ka biya kuɗi ka nuna wa mai kanti takardar shiga jirginka duka biyu, ka ce kana da canjin jirgi a wuri kaza. Sun san aikinsu. Wani ma zai ce maka kada ka saya a nan. Amurka ta ƙara da sharaɗin cewa sayen bai wuce awa 48 ba. Ko da leda lafiya lau, ma'aikaci na da ikon buɗewa ya gwada, in na'ura ta kasa tantance abin da ke ciki, kamar a kwalbar ƙarfe ko ta tangaram, ya hana.

Shawarata a nan ba ta da ado: ƙirga na'urorin da ke tsakanin kantin da ƙofar gidanka. Mu 'yan Sakkwato lissafinmu ya fi na kowa tsawo. Ban da lokacin aikin Hajji, da jirage ke tashi kai tsaye daga filin Sultan Abubakar III, mai dawowa daga waje yakan yada zango a Doha ko Alƙahira ko Adis Ababa ko Istanbul, ya sauka Abuja ko Kano ko Legas, sannan ya nemi hanyar gida. Wanda ya sayi turare a filin farko ya ɗora wa kansa bincike biyu. Wanda ya yi haƙuri ya saya a zango na ƙarshe kafin Nijeriya, bayan ya wuce na'urar wurin, ya rage guda.

Ragowar gudan ita ce mutane ke mantawa. Ka sauka Abuja, an buga maka fasfo, ka ɗauki akwati, ka wuce kwastan, gajiya ta rufe ka, ka nufi ɓangaren jiragen cikin gida da ledar turare tana lilo a hannu. Can ma akwai na'ura, kuma ba dole ne su girmama ledar wata ƙasa ba. Gyaran minti biyu ne. Akwatinka yana hannunka a lokacin, sai ka samu gefe ka buɗe, ka naɗe kwalbar cikin tufafi a tsakiya, ka rufe, sannan ka kai awo. Ka bar mata gurbi tun wajen shirya kaya, ka kuma tuna nauyin da jiragen gida ke yarda da shi galibi bai kai na waje ba. Wanda zai hau mota daga Kano ya huta da wannan, sai dai kada ya bar turare a but cikin zafin Afrilu.

Akwatin awo ma ba rumbu ba ne. Turaren fesawa yana kama wuta, don haka dokar jiragen sama ta ƙayyade wa kowane fasinja lita 2 jimilla na turare da makamantansa, kuma kada kwalba guda ta wuce rabin lita. Hajiyoyin da ke saro manyan kwalabe don haɗa humra su kula da wannan. Abin da ya wuce haka aikin masu kago ne. A liƙe murfi da salatif, a sa kowace kwalba a ledarta. Wanda ya taɓa buɗe akwati ya tarar da man zaitun ya ratsa shadda goma ba ya buƙatar a maimaita masa.

Zamzam babinsa daban, kuma duk shekara sai an yi rigimarsa. Hukumomin Saudiyya ba sa yarda a cusa shi cikin akwati. Ana haska kaya, in an ga gora sai a buɗe a cire, wani lokaci akwatin ya yi jinkiri ya bar mai shi. Abin da aka yarda da shi shi ne gora guda ta lita 5 a cikin kwalinta na masana'anta, a ba da ita wajen awo ita kaɗai. Alhazai kuwa hukumar alhazai ce ke kwaso nasu a raba musu bayan sun sauka gida. Mai Umara ya tambayi kamfanin jirginsa tun kafin ranar tafiya, musamman in zai ƙarasa da jirgin cikin gida a kan wani tikiti daban, don alƙawarin kamfanin farko bai hau kan na biyu ba.

Kwastan kuma. "Ba haraji" na nufin ƙasar da ta sayar ba ta karɓi nata ba. Bai hana Nijeriya neman nata. Kwalba biyu ko uku na tsaraba ba su cika jawo magana ba. Dozin uku iri ɗaya, a kwalayensu, wannan haja ce ko me ka kira ta, kuma kayan shafa na sayarwa suna da ruwan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ban da kuɗin fito. In ka san kayanka sun yi kama da na kasuwa, bi ta jan layi, wato hanyar masu kayan bayyanawa, ka bayyana da rasit a hannu. Bin koren layi, na waɗanda ba su da abin bayyanawa, da irin wannan kaya shi ke mayar da biyan kuɗi ya zama kamu.

Saura giya. Musulmin Sakkwato ba sayenta zai yi ba, jiha ce mai shari'a tun farkon shekarun 2000, kuma ban rubuta wannan don koya wa kowa ɗaukarta ba. Amma tana shigowa kayan mutum ta bayan gida, ta hanyar saƙo. Ɗalibi ko ma'aikaci zai tashi, abokin aiki ya miƙo ƙunshi a naɗe, "don Allah ka ba wane." Kowace ƙasa da adadinta, kuma ba su yi kama da juna ba. Amurka lita 1 take yafe wa haraji, ga wanda ya kai shekara 21. Ƙasashen Tarayyar Turai lita 1 ta mai ƙarfi ga mai shigowa daga waje. Ingila lita 4 ta mai ƙarfi. Kamfanonin jirage kuma ba sa ɗaukar wadda ƙarfinta ya wuce kashi 70 cikin ɗari ko kaɗan, tsakanin kashi 24 da 70 kuwa lita 5 ce iyaka. Saudiyya da Kuwait adadinsu sifili ne, kuma abin ya wuce ƙwacewa, laifi ne da kan kai mutum gaban hukuma. Katar ma ba ta yarda matafiyi ya shigo da ita ba. A nan akwai tarko ga mai dogon zango: muddin kana cikin filin jirgi kai mai wucewa ne, amma da zarar an buga maka fasfo ka fita kwana a otal, ka shiga ƙasar ke nan, dokar kwastan ɗinta ta hau kan duk abin da ke hannunka. "Ba nawa ba ne" ba ya fitar da kowa, sunanka ne a jikin akwati.

Saboda haka duk saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, a bar shi, ko na wa ne. In kunya ta hana ka cewa a'a, ce kamfanin jirgi zai tambaye ka ko kai ka shirya kayanka, wanda kuwa gaskiya ne, suna tambaya. Turaren fesawa, ko da yake da sinadarin alkohol ake haɗa shi, kwastan ba sa lissafa shi cikin abin sha. Hukuncin shafa shi na bar wa malamai. Wurin da na ga mutanen kirki sun faɗa ba da sani ba shi ne cakulan. A kantunan filayen Turai akwai masu kwali mai kyau da aka cusa wa giya a ciki, suna jere kafaɗa da kafaɗa da sauran. Kafin ka ɗauko wa yara, juya kwalin ka karanta bayansa: in ka ga liqueur, ko rum, ko brandy, ko whisky, ko wata lamba da alamar kashi cikin ɗari kusa da alc, mayar da shi ka ɗauki na gefensa.