Yadda na hana giwan ruwa tsinke min zare

Sau uku a mako guda giwan ruwa yana tsinke min zaren fatsa a tafkin Kainji, kuma kullum sai na jawo shi dab da kwale-kwale. Da farko na ɗora wa zaren laifi, na sayo sabo a kasuwar Yawuri. Aka maimaita.

Wani dattijon masunci ne ya karɓi guntun ya shafa da yatsa. "Ɗana, ƙullinka lafiya lau, taɓa nan." Wajen ya yi kaushi kamar an goga shi a dutse. Ashe ƙashin da ke rufe kumatun kifin kaifi gare shi kamar aska, idan ya yi tsalle yana girgiza kai, shi ke datse zaren.

Sai na ƙulla kamu biyu na zaren roba mai kauri sosai tsakanin ƙugiya da babban zaren. Nakan jiƙa ƙullin da miyau kafin in matse, don gogayya tana ƙona roba. Na kuma daina fizga, abin da ya fi min wuya; in ya ja sai in sakar masa har ya gaji.

Jiya da ƙaramar karfasa mai rai na yi koto, sai da muka kama shi mu biyu kafin ya shiga kwale-kwale.