Darasi na 9: Jera Kaya a Sito

Wanda ya taɓa shiga sito a kasuwar Dawanau ta Kano ya ga buhunan hatsi jibge har kusa da rufi, kuma ba sa rushewa. Iya jeri ne ke riƙe su.

Ku fara da ƙasa. Kada buhu ya kwanta a kan daɓe kai tsaye, domin danshi yana tasowa daga ƙasa, musamman da damina. A shimfiɗa katako ko gungume tukuna. A bar fili kamar mita 1 tsakanin kaya da bango, yadda mutum zai iya zagayawa ya ga ɓarnar ɓera, ko gara, ko yoyon rufi.

Sai sarƙawa, wadda ita ce uwar aikin. Ku dubi yadda magini ke ɗora bulo: na sama yana hawa kan mahaɗar biyu na ƙasa. Haka za a yi wa buhu da kwali. Sahu na farko a kwantar da shi ta tsawo, na biyu a gicciye, na uku ya koma kamar na farko, bakin buhu yana kallon ciki. Idan aka ɗora buhu kan buhu sak kamar tulin faranti, da an ɗan taɓa sai tarin ya tsage gida biyu. Buhun leda ya fi na algarara santsi, don haka kada tsawon tarinsa ya kai na algarara.

Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Buhun siminti kilo 50 ne. Guda 10 a jere sun kai kilo 500, kuma nan ya kamata a tsaya. Jarkar man girki ta lita 25 tana kai kusan kilo 23. In an ɗora 5, ta ƙasa tana ɗauke da fiye da kilo 90, ga zafin rana na tausasa roba. A sa faifan katako tsakanin sahu da sahu, a duba murafe.

Wajen saukewa ana yawan jin rauni, kuma gaggawa ce ke jawo shi. Direba na ta danna oda, sai yaro ya zaro buhu daga tsakiya. A fara daga sama, a hau tsani, kowa ya kauce daga gindin tarin.

Aiki: Buhun taki kilo 50 ne. In an jera 8, kilo nawa na ƙasa yake ɗauke da shi?