Idan manhajar imel ta ce maka "Permission denied"

A shagona na gyaran kwamfuta a Tudun Wadan Gombe, duk wanda ya kawo min kwamfuta mai Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, yana kukan imel ya ƙi tafiya, tambayar farko da nake masa ita ce: me ka yi da sudo kwanan nan? Sudo shi ne umarnin da ke sa a yi aiki da ikon root, wato babban mai iko da kwamfutar. Yawanci nan gizo ke saƙar. Mutum zai kwafo tsohon akwatinsa na manhajar imel ta Thunderbird da sudo cp, ko ya ƙirƙiri fayil ɗin saiti da sudo nano, shi ke nan fayil ya zama mallakin root, shi kuma ya koma baƙo a gidansa.

Saboda haka kar ka fara da chmod, umarnin sauya izinin fayil. Fara duba mai fayil ɗin. Rubuta ls -l ~/.msmtprc, ko ls -ld ~/.thunderbird in folda ce. In ka ga root inda sunanka ya kamata ya fito, mayar da kayanka:

sudo chown -R $USER:$USER ~/.thunderbird

A Ubuntu 24.04 Thunderbird ta koma snap, wata hanyar girka manhaja ta daban, don haka foldar tana cikin ~/snap/thunderbird/common.

Sai batun lambobin izini da ake ba chmod. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, aiwatarwa 1, ana haɗa su. Lamba ta farko taka ce, ta biyu ta rukuninka, ta uku ta kowa da kowa. Wato 600 na nufin kai kaɗai za ka karanta ka rubuta. Duk fayil ɗin da kalmar sirrinka ke ciki, irin .msmtprc, .fetchmailrc ko /etc/postfix/sasl_passwd, abin da ya dace da shi ke nan:

chmod 600 ~/.fetchmailrc

Yaran da ke koyon aiki a wurina da sun ga matsala sai chmod 777, wai a buɗe komai a huta. Ba na yarda. Fetchmail ma, manhajar ɗauko imel, ƙin tashi take idan izinin fayil ɗinta ya wuce 700, ga shi ka shanya kalmar sirrinka ga duk mai shiga kwamfutar. A shagon buga takardu da mutum biyar ke amfani da na'ura ɗaya, wannan ba wasa ba ne.

A kula da filasha ma. Tsarin FAT32 da filasha da yawa ke amfani da shi ba ya riƙe izinin Linux, fayil ɗin da ka kwafo daga can sai ka sake saita masa 600.

In fayil ya yi daidai amma abin ya ƙi, leƙa foldojin da ke samansa da namei -l da cikakkiyar hanyar fayil ɗin. Foldar da ba ta da x, wato izinin aiwatarwa, ba a ratsa ta. Masu Postfix kuwa, wato manhajar sabar imel, su gudanar da sudo postfix check, sannan sudo postfix set-permissions, su karanta /var/log/mail.log. Galibi layukan ƙarshe na ambata sunan fayil ɗin da ya toshe hanya.