Kurakuran da ɗaliban likitanci suka fi yi a kan cututtukan fata

Yawancin hotunan da ke littattafan likitanci na farar fata ne, shi ya sa ɗalibi yakan tsaya neman ja a jikin mara lafiya ya rasa. A fatarmu kumburi da duhu yake fitowa, ko ruwan toka. Ka kai mutum bakin taga ka duba shi da hasken rana, ka sa safar hannu ka taɓa wurin ka ji zafinsa da kaushinsa.

Kafin ka faɗi sunan cuta, tambayi: "Mama, me aka shafa masa?" Wanda ya zo asibiti a Gombe da ƙaiƙayi, da wuya bai fara biyawa ta kemis ba. Man shafawan nan na kemis mai haɗin magani uku yana ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol ko betamethasone. Yana kwantar da ƙaiƙayi, ya shafe zoben makero, ƙwayar cutar kuma ta ci gaba da yaɗuwa a ɓoye. In ka ɗauka borin fata ne ka ƙara wani sitiroyid, ka zuba wa wuta fetur. A dakatar da man, a kankaro ɓawon gefen tabon, a ɗiga masa ruwan sinadarin gwaji na KOH (potassium hydroxide) kashi 10, a duba a madubin likita.

Makeron kai a yara nan ne aka fi tafka kuskure. Man shafawa ba ya kaiwa saiwar gashi, dole sai na sha: griseofulvin miligiram 20 zuwa 25 kan kowane kilo na nauyin yaro a rana, mako 6 zuwa 8. A sha shi da abinci mai maiƙo, ko da kofin madara ne, don hanji ya tsotse shi sosai. Wani lokaci kan yakan kumbura ya yi laushi kamar maruru har yana tsattsafo ruwa. Kada ka ɗauko wuƙa, ba abin tsagawa ba ne, maganin dai shi ne wancan. A duba 'yan uwansa, a kuma ja kunne kan aska da matsefi na tarayya.

Ƙazuwa kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙaiƙayin dare, ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da al'aura, sannan wani a gida ko a tsangaya yana susa. Permethrin kashi 5 ake shafawa daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kaɗai ba, a bar shi awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7. Jariri har kansa ake shafawa. In benzyl benzoate aka samu, na kashi 25 na manya ne, a sirka shi rabi da ruwa ga yara don yana da raɗaɗi. Ba a ba mai ciki ivermectin, haka yaron da bai kai kilo 15 ba. Kowa a ɗakin a yi masa magani rana ɗaya, tufafi da zanin gado a wanke da ruwan zafi ko a ƙulle a leda kwana 3. Ka faɗa musu tun farko cewa ƙaiƙayi zai iya kai mako 4 bayan ƙwayar ta mutu, in ba haka ba za su yi ta maimaita magani har fata ta ƙone. Yaron da ƙazuwarsa ta yi ruwa, in fuska ta kumbura, a auna fitsari da hawan jini, ƙoda ce ake tsoro.

Ba kowane farin tabo ne kyasbi ba. Kyasbi in ka karce shi yana fitar da gari. Tabon da babu gari, babu ƙaiƙayi, a rufe wa mai shi ido a taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, a lalubi jijiyar bayan gwiwar hannu, a yi zargin kuturta. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko 12.

Zazzaɓi da ƙuraje, ga leɓe ya tsattsage, ido ya yi ja: kafin ka ce ƙyanda ce, tambayi ko an fara shan magani irin Septrin, Fansidar, nevirapine ko carbamazepine a makonnin nan, don suna iya jawo haka. In an sha, a tsayar da shi nan take, a ba shi gado, a kira babban likita.