Ga masu zaman gona da karnuka: ku ɓoye wayar sola

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni a gona nake zaune, bayan garin Daura, babu NEPA, sai sola da rijiya. Karnukana biyu ne, tsofaffi, ba ruwansu da kowa. Kwanaki na tsinto wani ɗan kwikwiyo a bakin hanya, duk kaska ta cika masa kunne. Da ya murmure sai ya zama ɗan ƙiriniya. Dare ɗaya ya tauna min wayar da ta sauko daga farantin sola zuwa batir, muka kwana a duhu, fanka ma ta tsaya.

To shawarata, ku zura wayar cikin bututun roba, ku binne, batir kuma a ɗora shi kan benci. Ku ba ɗan kwikwiyon tsohuwar igiya mai kauri ya yi ta tauna, haƙora ne ke masa ƙaiƙayi.

Abinci a raba musu kwano, nesa da juna, in ba haka ba manyan za su yayyaga shi. Kar a zuba masa miya mai albasa, tana cutar da kare. Da ya cika wata 3 a kai shi wajen likitan dabbobi don allurar ciwon haukan kare.

Yawo kuwa da sassafe nake fita da shi, kafin rairayi ya ɗau zafi.